Sikeli a gaban kyamara: yadda talabijin ya mai da tiyatar rage ƙiba zaman kotu

Wata ranar Asabar bayan isha'i muna zaune a falon yayata, yara suka kamo tashar TLC a DStv. Abin da ya fara fitowa wata Ba'amurkiya ce a banɗaki, ba kaya a jikinta, an ɗan dusashe hoton wuraren da ya kamata a rufe. Ta dafa bango tana nishi, mijinta riƙe da soso yana ɗaga naɗin fatar cinyarta yana wankewa. Kyamara ba ta kau da kai ba. Autan gidan ya tuntsire da dariya, uwarsa ta daka masa tsawa, sannan ita kanta ta ce, "Subhanallahi! Ita kuwa wannan ba ta da mafaɗi ne?" Can kuma aka nuno matar a mota, an miƙo mata ledojin abinci ta taga, kyamara ta matso daf da bakinta har ana jin tauna. Kafin likita ya buɗe baki duk wanda ke falon ya gama yanke mata hukunci. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo ganin likita a garin ta sauka a gidan. Da aka yi nisa ta ce, kamar da kanta take magana, "Ni ai ban kai haka ba."

Sunan shirin My 600-lb Life, an fara nuna shi a 2012. Laba 600 ɗin da ke cikin sunan kusan kilo 272 ne, wato ya haura nauyin buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyar. Yawanci kowane kashi mutum ɗaya yake bi na tsawon shekara, daga gidansa zuwa birnin Houston a jihar Texas, wurin Dakta Younan Nowzaradan, likitan tiyata haifaffen Iran. Kamfanin da ke shirya shi, Megalomedia, ɗan likitan ne mai suna Jonathan ke riƙe da shi. Wanda ya kalli kashi uku ya haddace tsarin. Da wanka ake farawa, sai cin abinci, sai labarin yarinta da hawaye, sai doguwar tafiya a bayan mota, sai sikeli. Likita ya miƙa takardar abinci, kalori 1,200 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ya ce a je a rage nauyi kaza cikin wata ɗaya ko biyu. A dawo a sake hawa sikeli. In lamba ta sauka, a ce mutum ya cancanci tiyata. In ba ta sauka ba, likita ya dube shi ya ce ƙarya yake yi game da abin da ya ci.

Wannan tsarin zaman kotu ne. Sikeli shi ne shaida, likita alƙali, mu da ke falo 'yan kallon shari'a, tiyata kuma ita ce ladan wanda ya tuba. A wasu shirye-shiryen kuma sai a juya ta, a ce tiyata maguɗi ce, hanyar rago wanda ya kasa danne zuciyarsa. Ko lada aka kira ta ko maguɗi, tunani ɗaya ne a ƙasa: wai ƙiba matsalar hali ce, don haka tambayar da ta dace a yi game da mai ita ita ce ko mutumin kirki ne. Ba wanda yake yi wa mai ciwon ƙoda wannan tambayar kafin a ɗora shi a kan injin wankin jini.

To mene ne aikin kansa? Iri biyu ne suka fi yawa yanzu. Na farko, wanda ya fi kowane yawa a duniya, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, a fitar da shi, a ɗinke sauran ya koma siriri kamar ayaba. Turawa na ce masa silib, Larabawa na ce masa takmim. Na biyu shi ne baifas, kuma sunan ya dace, don tamkar hanyar baifas ce da ke kewaye gari. Ana ware 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta fi girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita a jami'ar Iowa, Edward Mason, shi ya fara yin baifas a 1966. A da farke ciki ake yi. Daga farkon shekarun 1990 aka fara yinsa ta ƙananan huji, a zura siririyar kyamara da kayan aiki, shi ya sa yanzu marar lafiya kan kwana ɗaya ko biyu a sallame shi. Akwai na uku, zoben da ake ɗaure saman tumbi da shi, wanda ya yi tashe a shekarun 2000 sannan likitoci suka ja baya da shi saboda yawan komawa a cire.

Talabijin yakan nuna zane ya ce an rage wa mutum ciki don kada ya iya ci da yawa. Wannan rabin bayani ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai rushe shari'ar gaba ɗaya. Tumbi da hanji suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta hanyar sinadarai. Akwai mai suna girelin, mai tayar da yunwa, kuma mafi yawansa a saman tumbi ake yinsa, daidai ɓangaren da ake cirewa a aikin silib. Akwai GLP-1 da hanji ke fitarwa, mai cewa an ƙoshi, mai kuma taimaka wa jiki sarrafa suga, kuma yana ƙaruwa sosai bayan baifas. Shi ya sa ake samun mai ciwon suga da sugansa ke daidaita cikin 'yan kwanaki bayan aiki, tun bai rage wani nauyin a zo a gani ba. Masu aikin da yawa sukan ce a karon farko a rayuwarsu sun wuni tunanin abinci bai dame su ba. Idan wuƙar likita za ta iya kashe wannan ƙugin, ashe tun farko ba daga tarbiyya ya fito ba.

Hujja mafi ƙarfi kan wannan daga talabijin ɗin kansa ta fito. A 2004 tashar NBC ta fara The Biggest Loser, gasar da ake tara masu ƙiba a sansani, a sa su motsa jiki na sa'o'i a rana, masu horarwa na yi musu ihu, kowane mako a hau wani ƙaton sikeli a gaban jama'a, wanda ya fi ragewa ya tafi da dala 250,000. Saƙon shirin shi ne da gumi da niyya kaɗai ake yi. Wani mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya bi mutum 14 daga cikin waɗanda suka yi gasar 2009, ya wallafa abin da ya gani a 2016. A ƙarshen gasar kowannensu, in an raba daidai, ya rage kusan kilo 58. Bayan shekara shida kilo 41 ya dawo. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne jikinsu a zaune yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona a rana. Wato jiki ya ɗauki ramar a matsayin fari, ya rage kashe abin da ke rumbu, kuma shekara shida bai saki ba. Waɗannan mutane ne da duniya ta ga niyyarsu da idonta, suna amai a kan injin gudu suna tashi su ci gaba. Ba wanda ya isa ya ce musu ragwaye.

A ɗaya ɓangaren ga abin da aka samu game da tiyata. A Suwidin an fara bin mutum sama da 4,000 tun 1987, rabi an yi musu aiki, rabi suna kan kulawar da aka saba. A 2007 aka sanar cewa mutuwa a cikin waɗanda aka yi wa aiki ta ragu da kashi 29 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba, a 2020 kuma aka ƙiyasta sun ƙaru da kusan shekara uku na rayuwa a kan takwarorinsu. Amma har da hakan ba su kamo tsawon ran sauran jama'a ba. A asibitin Cleveland na Amurka an gwada mutum 150 masu ciwon suga. Bayan shekara biyar, kashi 29 cikin 100 na masu baifas da kashi 23 na masu silib sugansu ya sauka zuwa inda ake so, a cikin masu shan magani kaɗai kuwa kashi 5 ne. Ka duba lambobin da kyau. Sun fi magani nesa ba kusa ba, kuma ba su kai rabi ba. Magani ne mai ƙarfi mai iyaka, kamar sauran magunguna. Irin wannan labarin ne ba ya sayuwa a talabijin, don babu gwarzo a cikinsa kuma babu mai laifi.

Sai batun su wa ake yi wa. A nan ne nake ganin ɓarnar ta fi yawa. Likitoci na amfani da ma'aunin BMI, wato nauyi a kilo a raba da tsawo a mita, a sake rabawa da tsawon. Tun 1991 ƙa'idar ita ce BMI 40, ko 35 in akwai ciwo irin suga ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauke ta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da magani ya kasa. Mace mai tsawon mita 1.65 da kilo 110 ta kai 40. Wadda ake nunawa a shirin, mai kilo 272 da wannan tsawon, BMI ɗinta kusan 100 ne. A Amurka an yi aikin kusan sau 280,000 a 2022, kusan kashi 80 cikin 100 mata ne, kuma yawancinsu da ƙafarsu suka shiga asibiti bayan sun ɗauki hutu daga wurin aiki. Malamai ne, ma'aikatan jinya, direbobi, masu shago. Shirin ya ɗauko mafi tsananin masu cutar, 'yan tsiraru, ya mai da su fuskar aikin. Har yana buɗewa da cewa damar nasararsu ta dogon lokaci ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Magana ce a kan masu laba 600, amma mai kallo a kan tiyata yake jin ta. A asibitocin da suka ƙware, waɗanda ke rasuwa a watan farko ba su wuce ɗaya ko biyu cikin dubu ba, kusan daidai da aikin cire maɗaciya. Duk da haka, kusan mutum ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ne ke yi a shekara.

Gwaggona kilo 118 gare ta a lokacin. Malamar makaranta ce, shekara tara tana fama da ciwon suga, tana allurar insulin safe da dare, gwiwoyinta sun hana ta sujada sai a kan kujera. A ranar da muka kalli shirin likita ya ambata mata tiyata, ba mu sani ba. Ta ga matar banɗaki ta ce ita ba ta kai haka ba, ta ajiye maganar shekara biyu, har sai da idonta ya fara taɓuwa.

Ba zan zalunci shirin ba. Dakta Nowzaradan yana karɓar mutanen da asibitoci da dama ke mayarwa gida saboda haɗarin ya yi yawa, kuma akwai waɗanda suke tafiya da ƙafarsu yau ta dalilinsa. Rage nauyi kafin aiki ma yana da tushe ga mai kilo 270: hanta takan yi kitse ta kumbura ta rufe tumbi, dole a rage ta kafin likita ya samu hanya, ga kuma haɗarin maganin barci. Shi ya sa ko mai kilo 110 akan sa shi abinci na musamman na mako biyu. Inda aka karkace shi ne da aka mai da wannan shiri na asibiti jarrabawar ɗa'a. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta daɗe tana cewa babu hujjar da ta nuna tilasta wa mutum watanni na rage nauyi, kamar yadda kamfanonin inshora ke yi kafin su biya, yana kyautata sakamako. Jinkiri kawai yake kawowa, wasu su gaji su bari.

Shirin kuma yana bari mutane su faɗi abin da ya same su suna yara, kuma sau da yawa fyaɗe ne ko duka ko gidan da shaye-shaye ya tarwatsa. Wannan gaskiya ce da likitoci suka sani. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita a San Diego, Vincent Felitti, ya lura cewa da yawa daga masu barin asibitinsa na rage ƙiba su ne waɗanda suke samun nasara, da ya zauna da su ya tarar da yawansu an ci zarafinsu suna ƙanana. Daga nan aka yi babban bincike a kan mutum sama da 17,000, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 1998, ya nuna yadda wahalar yarinta ke bin mutum har ta zama ciwon jiki. Amma dubi inda mai tace hoto yake sa wannan labarin: minti uku na hawaye da kiɗa mai taushi, tsakanin wanka da tauna. Mace ta faɗi sirrin da ta ɓoye shekara talatin, kafin mai kallo ya haɗiye maganar an nuno ta da cinyar kaza a hannu.

Shi kansa wankan, wa ya buƙace shi? Likita ba ya bukatar ganinsa don ya yi aiki. Mai kallo ne ake riƙewa da shi kada ya canza tasha. Za a ce ai sun sa hannu sun yarda. Mutumin da ba ya iya tashi daga gado, ba shi da kuɗin aiki, likitoci sun mayar da shi, sai aka ce ga hanya amma da kyamara a banɗaki, ina wuyar fahimtar irin yardarsa? A 2018 wani matashi da ya fito a shirin, ya kuma rage nauyi sosai, ya kashe kansa. A 2020 iyalinsa da wasu da suka taɓa fitowa suka kai kamfanin ƙara, suna zargin ba a kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba kuma ba a biya wasu kuɗin asibiti da aka yi alkawari ba. Kamfanin ya musanta, kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta kori ƙararrakin a 2022. Doka ta wanke su. Tambayar banɗakin tana nan.

Ba Amurka kaɗai ba. A watan Fabrairun 2017 aka fito da Eman Ahmed, 'yar Iskandariyya ta Masar, daga ɗakin da aka ce ta shekara 25 ba ta fita ba. Da injin ɗaga kaya aka sauko da gadonta, jirgin dakon kaya ya kai ta Mumbai, tashoshi suna kiranta macen da ta fi kowa nauyi a duniya, wai kusan kilo 500. An yi mata silib a watan Maris, kowane mako ana sanar da kilo nawa ya tafi kamar sakamakon ƙwallo. Daga baya rigima ta ɓarke tsakanin 'yar uwarta da asibitin, ita ma a gaban kyamara, aka mayar da ita Abu Dhabi. Ta rasu a watan Satumba na wannan shekarar tana da shekara 37. Duniya ta san nauyinta mako-mako, kaɗan ne suka taɓa jin muryarta.

Da yake an koya wa jama'a cewa aikin ko dai na ƙarshen hanya ne ko na ragwaye, ba mamaki masu yinsa su ɓoye. Star Jones, mai gabatar da shiri a tashar ABC, an yi mata baifas a 2003, ta rame a idon masu kallo, ba ta faɗa ba sai 2007, kuma ta sha zagi kan ɓoyewar. Fern Britton ta Ingila, da jaridu suka bankaɗo a 2008 cewa an sa mata zobe, sai da ta yi bayani a shirinta kamar wadda aka kama da kayan sata. Al Roker, mai karanta hasashen yanayi a NBC, shi bai ɓoye aikinsa na 2002 ba. Amma da ya faɗi a 2013 cewa jim kaɗan bayan aikin gudawa ta kufce masa a fadar shugaban Amurka, abin da ke faruwa da masu baifas in sun ci abin da bai dace ba, sai maganar ta zama abin barkwanci na mako guda. Gaba kura baya siyaki: ka ɓoye a ce maƙaryaci, ka faɗa a ce rago, ka faɗi wahalar a yi dariya.

Masu ƙwallo za su tuna Maradona. An yi masa baifas a Kolombiya a watan Maris na 2005, a watan Agusta ya fito a shirinsa na talabijin a Ajantina, siriri, yana buga ƙwallo da kai shi da Pele. Wannan shi ne hoton da kyamara ke so, na da da na yanzu. A 2015 sai da aka sake yi masa aiki. Tsugune ba ta ƙarewa a ranar da aka ɗauki hoton, kuma shekarun bayan hoton su ne ainihin rayuwar mai tiyata.

Na ga wannan rayuwar da idona wata huɗu bayan Gwaggo ta dawo daga Alƙahira, inda aka yi mata aikin. Ta sa an dafa mata kifi, aka kawo a farantin shayi. Ta ɗebi tsoka kamar kan ɗan yatsa, ta tauna har na ƙosa, ta ajiye cokali ta jira. Loma biyar ta ce alhamdu lillahi. Na miƙa mata ruwa ta ce, "A'a ɗana, sai bayan rabin awa, in na haɗa su dawowa za su yi." Gorar ruwa ba ta rabuwa da ita, kurɓa-kurɓa take yi wuni guda, don ba ta iya kwankwaɗa ko da ƙishi ya kai inda ya kai. Ta nuna mini matajinta cike da gashi, ta ce likita ya ce zai tsaya, kuma ya tsaya. A gefen gado akwai roba mai gida bakwai: bitamin B12, maganin ƙarin jini, sinadarin ƙashi, kuma shan su har ƙarshen rai ne, wanda ya yi wasa da su jijiyoyinsa na iya lalacewa. Fatar damtsenta ta saki tana lilo, ta koma sa riga mai dogon hannu. Azumin farko likita ya hana ta, ranar da aka ga wata ta shige ɗaki ta yi kuka. Ta kuma buɗe firij ta nuna mini gurbin da insulin yake a da, yanzu ba komai. Ta ce ranar da goshinta ya sake taɓa ƙasa a sallah ta daɗe ba ta ɗago ba.

Akwai sauran abubuwan da ya kamata duk mai tunanin aikin ya ji, waɗanda shirin gasa da tallan asibiti duk ba sa tsayawa a kansu. Yawanci kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyi ake ragewa, don haka mai kilo 120 zai tsaya wajen 85 ko 90, ba zai koma kamar sanda ba. Wani ɓangare na nauyin kan dawo bayan shekaru, kuma wannan halin cutar ne. Ɗinki na iya yoyo a kwanakin farko, tsakuwa na iya fitowa a maɗaciya, masu silib kan yi fama da ƙwannafi. Mai baifas in ya sha zaƙi da yawa sai jiri da gumi da bugun zuciya su taso masa. Ana shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bincike ya nuna haɗarin faɗawa shan giya da na cutar da kai yana ɗan ƙaruwa bayan aiki, shi ya sa bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa take cikin maganin. Wanda ya je wata ƙasa aka yi masa ya dawo ba mai bibiyarsa a gida, ya yi rabin aiki ne.

Mu a nan labarin yana iso mu ne a gutsure. Yawancin mutane ba sa kallon kashi guda cikakke, guntun minti ɗaya suke gani a Facebook ko TikTok, kuma guntun da ke yawo shi ne na wanka ko na faɗan likita. Yana kuma sauka a ƙasar da ke da nata lissafin jiki. A wurinmu mace ta yi ƙiba a gidan miji alamar jin daɗi ce, har 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su cika ido, suna jawo wa kansu hawan jini da suga. Ta rame kuwa sai a fara raɗa, ko kishiya ce, ko mijin ne, ko wata cuta ce da ba a faɗa. Ga kuma ruɗani tsakanin wannan aikin da na kwalliya. Da an ce tiyatar ƙiba, manya sukan tuno Stella Obasanjo da ta rasu a Sifen a watan Oktoban 2005. Nata aikin zuƙe kitse ne daga ƙarƙashin fata, na gyaran sura, ba ya taɓa tumbi kuma ba ya maganin suga. Abubuwa biyu ne dabam da suna ya haɗa.

Yanzu hankali ya koma kan allurai irin su Ozempic da Wegovy, waɗanda ke kwaikwayon GLP-1 ɗin nan da baifas ke ƙarawa. An amince da Wegovy a Amurka a 2021, kuma a gwaji ya rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi muddin ana ci gaba da yi. Oprah Winfrey, wadda a 1988 ta jawo amalanken kitse laba 67 zuwa dandalin shirinta don nuna abin da ta rage, ta fito a ƙarshen 2023 ta ce tana amfani da irin wannan maganin, a 2024 kuma ta yi nadamar rawar da ta taka wajen koya wa mutane jin kunyar jikinsu. Na ji daɗin maganar. Amma kalmomin da aka jefi masu tiyata da su, rago da mai maguɗi, an riga an kwashe su an kai kan masu allura.

Bara a wajen wani biki aka zubo wa Gwaggo shinkafa da nama faranti guda. Ta ci loma huɗu ta rufe. Wata ƙawarta ta dafa ta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Duk kin zube." Gwaggo ta yi murmushi ta ce, "Lafiya lau, aikin maɗaciya aka yi mini." A mota na tambaye ta me ya sa ba ta faɗi gaskiya ba, alhali ta rabu da allura, ta rabu da kujerar sallah. Ta gyara mayafinta ta ce, "In na faɗa, matar banɗakin nan za su gani."